BAYAN AN DAINA HARBI, WA ZAI ƊAUKI MAI RAUNI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, makon jiya wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya ya turo min saƙo wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ya ba ni izinin in faɗi abin da ya rubuto ba tare da sunansa ko sunan asibitinsu ba. Ya ce: "Malam, an kawo mana mutum biyu cikin mota ɗaya, kowanne da raunin harsashi. Ɗaya jami'in tsaro ne, ɗayan kuma an ce yana cikin waɗanda suka yi musu kwanton ɓauna. Na ɗaure wa na farko. Da na juyo kan na biyu sai na ji hannuna ya yi nauyi, don irinsu ne suka kashe baffana. Na dai yi masa aikin, amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Shin na taimaki azzalumi ne?"

Na ba shi gajeriyar amsa a daren, na ce ya je ya kwanta, bai yi laifi ba. Amma na yi masa alƙawarin zan dawo da bayani, kuma zan fara shi daga nesa, daga wani gari a Amurka. Na san wani zai ce, Malam me kuma ya kai mu Amurka? To ai Alƙur'ani a wurare da dama ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen mutane ya kasance, bai kuma ce sai labarin Musulmi kaɗai za mu duba ba.

Daga 1861 zuwa 1865 Amurkawa sun gwabza yaƙin basasa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, kuma tushen rigimar shi ne bautar da baƙar fata. Mutum sama da 600,000 suka mutu. Gumurzun da ya fi kowanne cin mutane shi ne na Gettysburg a jihar Pennsylvania, daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863. Janar George Meade ke jan rundunar Arewa, Janar Robert Lee ke jan ta Kudu. Cikin kwana uku, waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai wajen 50,000.

Littattafan tarihi sukan tsaya kan wa ya ci, wa ya gudu. Ni ranar 4 ga wata ce ta dame ni, ranar da aka daina harbi. Garin gaba ɗayansa mutum kimanin 2,400 ne. Aka wayi gari an bar musu masu rauni kimanin 21,000, wajen 14,000 'yan Arewa, kusan 7,000 'yan Kudu. Ka lissafa da kanka: kowane mutum ɗaya na garin, har jariri da tsohuwa, ya tashi da majinyaci takwas ko tara. Ga gawarwaki kusan 7,000 a fili cikin zafin bazara, ga mushen dawakai dubbai. Coci-coci suka koma asibiti, haka kotu, haka kwalejin garin da makarantar horar da limaman Kirista, haka bargar dabbobi da gidajen mutane. Da wuri ya ƙare, sai gindin bishiya.

Ranar kuma aka tsuge da ruwan sama. Wasu masu raunin an kwantar da su a gefen wani rafi, ruwa ya cika ya yi ambaliya, waɗanda ba sa iya motsi suka nutse. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum ya tsira daga igwa, ya zo ya mutu a ruwan da mai lafiya zai tsallake da ƙafa, saboda babu hannun da zai ja shi gefe. A cikin wannan ruwan ne Lee ya kwashi waɗanda zai iya ɗauka a kekunan doki ya nufi Kudu, jerin gwanon da ya kai tsawon mil 17, akasarin kekunan babu abin da zai rage girgiza, mutum da karyayyen ƙashi ana ta jijjiga shi dare guda.

Babban likitan rundunar Arewa sunansa Jonathan Letterman, kuma mutumin ya yi tunani. Kafin zuwansa, a farkon yaƙin, mai rauni kan kwana biyu ko uku a fili ba a ɗauke shi ba, don masu ɗaukar ba aikinsu ba ne, duk wanda aka gani ake turawa. A 1862 ya kafa runduna ta musamman wadda ba ta da aiki sai kwasar masu rauni, da kekunanta da horarrun mutanenta. Ya kasa aikin hawa uku: wurin ɗaurin gaggawa dab da fagen fama, sai asibitin wucin gadi a baya kaɗan inda ake tiyata, sai babban asibiti a birni. Ya sa ana tantancewa, wa zai iya jira, wa ba zai iya ba. Da wannan tsarin aka kwashe kusan duk masu raunin Arewa daga fili cikin ɗan lokaci.

Amma tsarin ya yi tuntuɓe a wuri biyu. Na farko, an ba da umarni a tsayar da kekunan kayan asibiti can baya don kada su tare wa kekunan harsashi hanya, sai likitoci suka tsinci kansu ba tantuna, ba isassun kayan aiki. Na biyu, da rundunar ta tashi bin sawun Lee, ana zaton wani gumurzun na tafe, cikin likitoci wajen 650 sai aka bar 106 kacal, ga 'yan likitocin da Kudu suka bari wa nasu. Ka ga dai, ko a wurin masu tsari, harsashi ne a gaba, bandeji a baya.

Harsashin wancan zamanin na dalma ne mai taushi da nauyi. In ya sami ƙashi ba ya fasa shi ya wuce, dagargaza shi yake yi. Shi ya sa yanke hannu da ƙafa ya yi yawa, har ana tara su tsibi a bakin taga. Maganin sa barci akwai shi, kulorofom, kuma an yi amfani da shi a mafi yawan tiyatar. Abin da babu shi ne sanin ƙwayoyin cuta. Likita zai gama da wannan ya goge wuƙa a rigarsa ya koma kan na gaba, soso ɗaya, bokiti ɗaya. Har suna ganin fitowar mugunya alamar sauƙi ce. A yaƙin gaba ɗaya, cikin kowane mutum uku da suka mutu, biyu cuta ce ta kashe su, zawo da taifod da makamantansu. Waɗannan likitocin ba mugaye ba ne, kyakkyawar niyya gare su, amma niyyar ba ta hana ciwon ruɓewa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

To wa ya cike giɓin? Mutanen gari, musamman mata. Wata yarinya 'yar shekara 15, Tillie Pierce, iyayenta sun tura ta wata gona don ta tsira, ashe gonar ce za ta koma asibiti, ta wuni tana kai wa sojoji ruwa. Matan coci 'yan Katolika suka taso daga Emmitsburg da ke kusa. Wata budurwa 'yar shekara 23, Cornelia Hancock, shugabar masu jinya ta ƙi karɓarta don ta yi ƙuruciya, ta shige jirgin ƙasa abinta ta iso. Matar mai kula da maƙabartar garin, Elizabeth Thorn, mijinta na fagen yaƙi, ita kuma da cikin wata shida, ita da tsohon mahaifinta suka haƙa kaburburan mutum wajen ɗari. Kafin ƙarshen Yuli aka kafa babban asibitin tantuna a gabashin gari kusa da layin dogo, aka sa masa sunan Letterman, ya yi aiki har Nuwamba, kuma 'yan Arewa da 'yan Kudu duka aka kwantar a ciki.

Akwai janar ɗin Kudu, Lewis Armistead, wanda ranar 3 ga wata ya jagoranci mutanensa har suka tsallake katangar 'yan Arewa kafin a harbe shi. Waɗanda ya zo kashewa su suka ɗauke shi zuwa asibitinsu a wata gona, likitocinsu suka duba shi, a nan ya cika bayan kwana biyu.

Kada in yi musu kwalliyar da ba tasu ba. Maƙabartar da Shugaba Lincoln ya je buɗewa ranar 19 ga Nuwamba ta 'yan Arewa ce, gawarwakin Kudu a ramuka marasa zurfi aka bar su shekaru. Kuma a Afrilun 1864, a Fort Pillow, sojojin Kudu sun karkashe baƙaƙen sojojin Arewa bayan sun miƙa wuya. Tausayin da farar fata ya samu daga abokin gabansa, baƙi bai same shi ba.

Yanzu mu dawo gida.

Lokacin da nake karanta labarin yarinyar nan mai kai ruwa, wallahi Uhudu ce ta faɗo min. Shawwal, shekara ta 3 bayan hijira, Musulmi sun rasa mutum 70. Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labari a Bukhari cewa ya ga Nana A'isha da Ummu Sulaim (RA) sun tattare tufafi suna sauri da salkunan ruwa a bayansu, su zuba a bakin mutane, su koma su ciko. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz (RA) ta ce sukan fita tare da Annabi (SAW) su shayar da mutane, su yi wa masu rauni magani, su mayar da waɗanda aka kashe Madina. Ummu Aɗiyya (RA), a Sahihu Muslim, yaƙi bakwai ta halarta tana dafa abinci tana jinya.

Shi kansa Manzon Allah (SAW) an ji masa ciwo a fuska ranar, an karya masa haƙori. Sayyidina Ali na zubo ruwa da garkuwa, Nana Faɗima na wankewa. Da ta lura ruwan ƙara zubar jinin yake yi, sai ta daina, ta yanki tabarma ta ƙona, ta liƙa tokar, jini ya tsaya. Ku lura da abin da ta yi: ta gwada, ta duba sakamako, ta canza. Ba ta ce ai mahaifina Annabi ne, addu'a ta wadatar ba. Kuma don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya zuba wa ɗansa toka a ciwo ya ce sunna ce. Abin koyi a nan shi ne tsayar da jinin da mafi kyawun abin da ke hannu. A yau wannan abin shi ne tsumma mai tsabta a danne da ƙarfi, a garzaya asibiti. Toka, ƙasa, man birki, kashin shanu, duk ƙofar ciwon sandarewar jiki ne da ruɓewa.

A yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) a jijiyar hannu. Annabi (SAW) ya sa aka kwantar da shi a hema a cikin masallaci don ya riƙa duba shi daga kusa. Malaman sira sun ce hemar Rufaida ce, wata baiwar Allah daga ƙabilar Aslam da ta sadaukar da kanta ga jinyar masu rauni da waɗanda ba su da kowa. A cikin masallacin Annabi fa! Mu yau wani masallacin an kashe miliyoyi a tayil da fitilu, amma ko akwatin bandeji babu, kuma a bakin babban titi yake inda ake haɗari kusan kowane mako.

Na ce zan dawo kan kyakkyawar niyya marar ilimi. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a tafiya, sai janaba ta same shi. Ya tambayi abokan tafiya ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce babu, tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya kuma tuhume su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Su ma tsoron Allah ne ya sa suka faɗi haka. Shi ya sa nake jan kunnen masu zuwa dubiya suna yanke wa majinyaci fatawa a bakin gado, kwance ɗaurin nan ka yi alwala, ka daure ka yi azumi, ka tashi ka yi sallah a tsaye. Shari'a ta ba shi shafa a kan ɗauri, ta ba shi taimama, ta ba shi sallah a kwance. Haka kuma wanda aka harba a ciki ko wanda za a shiga da shi tiyata, ko yana roƙon ruwa, likitoci sun hana a ba shi ya sha. Ka jiƙa masa leɓe kawai.

Duk wannan jinyar naka ne. Tambayar ɗan'uwanmu kuwa a kan na wancan ɓangaren take.

Mu ma mun ɗanɗani yaƙin basasa tun ƙarni na farko. Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36, kusa da Basra. Aƙidarmu ita ce kame baki daga abin da ya gudana tsakanin sahabbai, muna nema musu yardar Allah gaba ɗayansu, kuma ba zan buɗe wannan ƙofar a nan ba, wanda ya zo da zagi a ƙasan rubutun nan zan goge. Abin da nake so shi ne abin da Sayyidina Ali (RA) ya yi da ƙura ta lafa. Ya hana a ƙarasa mai rauni, ya hana a bi wanda ya juya baya, ya hana a raba dukiyarsu a matsayin ganima. Malaman tarihi sun kawo cewa ya sallaci mamatan ɓangarorin biyu, ya sa aka tara kayan da aka tsinta a masallacin Basra don mai abu ya zo ya ɗauki abinsa, ya kuma mayar da Uwar Muminai Madina cikin girmamawa tare da ɗan'uwanta Muhammad ɗan Abubakar. Madogararsa tana Suratul Hujurat, aya ta 9 da ta 10, inda Allah Ya ambaci ƙungiyoyi biyu da takobi a tsakaninsu, bai cire wa ko ɗaya sunan imani ba.

Daga aikinsa ne malaman fiƙihu suka gina babin 'yan tawaye. Shafi'i da Ahmad sun ce ba a ƙarasa mai rauninsu. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, haka hukuncin yake in an amince daga sharrinsu. Hanafiyya sun yi togaciya in akwai rundunar da zai koma ya sake ɗaura ɗamara. Amma ko a wurin masu togaciyar, maganar fagen fama ce da hukuncin shugaba. Babu wanda ya ce mutumin da aka kama, aka kawo shi kwance gabanka, kai mai jinya ka bar shi jini ya ƙare masa. Turawa sai a 1864 suka rattaba hannu a Janeba kan cewa mai rauni a kula da shi ko na wane ɓangare ne, sama da shekara 1,200 bayan Basra. Ba na faɗin haka don mu yi ta bugun ƙirji ba. Wanda ya riga kowa sanin hukunci, in ya bar shi, ai hujjar ta fi ƙarfi a kansa.

Wani mai ilimi zai ce, Malam, ɗan bindigar daji ba ɗan tawaye mai tawili ba ne, ɗan fashi ne, hukuncinsa na Suratul Ma'ida aya ta 33. Gaskiya ne, kuma ban rage masa komai daga wannan hukuncin ba. Amma wa ke zartar da shi? Alƙali, bayan an tabbatar. Kai "an ce" ka ji. Sau nawa aka kamo makiyayi ko ɗan acaɓa aka ce shi ne, daga baya ta bayyana ba shi ba ne? In ma shi ne, rayuwarsa ce za ta kai shi gaban shari'a, bakinsa ne zai iya faɗin inda aka ɓoye mutanen da aka sace. Kuma a surar dai, aya ta 8, Allah Ya hana ƙin wasu mutane ya ɗauke mu zuwa rashin adalci. Ibnu Muljam ya sari Sayyidina Ali a Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40, a gaban jama'a, babu shakka a kansa. Duk da haka, yana kwance da saran a kansa, Ali ya yi wasiyya a ciyar da mutumin, a kyautata tsare shi, in ya mutu a yi ƙisasi daidai wa daida ba tare da yi wa gawa wulaƙanci ba.

Ta fuskar doka ma, tun Disambar 2017 akwai dokar tarayya a Nijeriya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi mai raunin harsashi nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, sannan a sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Mutane da yawa ba su san da ita ba, shi ya sa har yau ake tsayawa a kan mai rauni ana ɗaukarsa a waya, kowa na tsoron ya taɓa a ce shi ne.

Saura nauyin da ka ji a hannunka, ɗan'uwana. Wannan ba zunubi ba ne. Wahshi ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Da ya zo ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, bai taɓa shi ba, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Mafi tausayin halitta ke nan, zafin rashin baffansa bai gushe ba, haƙƙin mutumin kuma bai tauye ba. Ba a ce ka so shi ba, ba a ce ka yi masa murmushi ba. In akwai abokin aikin da zai karɓe ka a kansa, ka ba shi, babu laifi. In kai kaɗai ne a bakin aiki, to ɗinkin da za ka yi masa ya zama irin wanda ka yi wa na farko, allurar kashe zafin ma kada ka rage.

Ya sake rubuto min shekaranjiya. Jami'in an sallame shi. Ɗayan yana nan da ankwa a ƙafa da ɗan sanda a bakin ƙofa, kuma shi ke wanke masa ciwon kowace safiya, ya ce har yau ba su taɓa haɗa ido ba.

Allah Ya ji ƙan baffansa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan zubar da jini. Wallahu a'alam.